Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumomin da Ke Riƙe da Gidajen Tarihi a Arewa

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, shugabanni da ma'aikatan gidajen adana kayan tarihi, na tarayya da na jihohi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, mun rubuto ne a madadin malaman tarihi da na zane-zane masu kai ɗalibai ziyara, tare da wasu daga cikinmu da suka koyi aikin gyara da adana tsofaffin kaya.

Abin da ya taso da wasiƙar nan labari ne mai daɗi. A Yulin 2022 Jamus ta sa hannu kan miƙa wa Najeriya mallakar kayayyakin tarihi na tsohuwar masarautar Benin fiye da 1,100, daga cikin waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897. A Yunin 2025 Holan ta dawo da guda 119. Mun yi murna, kuma mun yaba wa duk wanda ya yi wannan fafutuka. Sai dai mai neman a dawo masa da kayansa, ya kamata a ga yadda yake riƙe da waɗanda ba su taɓa barin gida ba. Ba za mu kama sunan wani gida ba, domin ba tonon silili ya kawo mu ba, kuma mun san ma'aikata da yawa suna aiki ne da hannu biyu babu kayan aiki. Abin da za mu faɗa, wanda ya zaga ɗakunan baje koli a Arewa zai gane shi.

Mu fara da abin da mai ziyara ya zo gani. Kan Nok, wato kan mutum na gasasshen yumɓu da tsohuwar al'ummar Nok ta gina, abu ne da ya cancanci a tsaya a gabansa minti goma. Idonsa mai kusurwa uku ne, an huda ƙwayar idon, an huda hanci da baki, wani lokaci har kunne. Hudar ba ado kaɗai ba ce. Cikin kan rami ne, an gina shi da nannaɗen yumɓu kamar yadda mai tukwane ke ɗaga randa, kuma da babu ƙofofin da tururi zai fita da ya fashe a wuta. Fatar jikinsa ta yi kaushi, ana ganin tsakuwa a ciki, saboda maginin ya gauraya yumɓun da dakakken dutse don ya jure gashi, sannan santsin da ya shafe shi da shi ƙasa ta cinye cikin shekara fiye da 2,000. Ga kitso, ga tsakiya a wuya da hannu. Duk wannan yaro ɗan aji huɗu zai iya gani da idonsa idan an nuna masa. Abin da ya fi samu shi ne ƙaramar takarda da ta koɗe, an rubuta kalma biyu ko uku da Turanci, a cikin akwatin gilashin da ƙura ta rufe, ƙwan fitilar da ke samansa kuma ya mutu.

Rubutun bayani shi ne ƙorafinmu na farko, kuma shi ne mafi arha a gyara. Yawancin masu shiga waɗannan gidaje a Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato da Hausa suke tunani, amma da wuya su tarar da layi ɗaya na Hausa. Muna roƙon kowane abu ya samu takarda mai harshe biyu, kalmomin kowane harshe kada su wuce 50, a faɗi mene ne, da me aka yi shi, a ina aka samo shi, a wace shekara, da abu ɗaya da ya kamata mai kallo ya lura da shi. A manna ta a tsayin da bai wuce santimita 120 zuwa 140 daga ƙasa ba, domin yaro da mai keken guragu su karanta, da baƙin rubutu a kan farar takarda, haruffan kuma a iya karanta su daga nisan mita ɗaya. Inda hali ya yi a ƙara da ajami, domin akwai dattawa da almajirai da shi ne karatunsu. Wanda ba ya karanta ko ɗaya, muryar minti ɗaya da aka naɗa a waya ta ishe shi.

A nan akwai maganar da ake kauce mata, mu kuwa za mu faɗe ta. Iyaye da yawa ba sa barin 'ya'yansu su bi ayarin makaranta saboda an ce musu gidan gumaka za a je. Wasu jagororin ma da bakinsu suke cewa “ga gumakan mutanen da”, don ita ce kalmar da ta fi saurin zuwa. Gunki abin bauta ne. Ba kowace sura ce aka yi don bauta ba. Allunan tagulla na Benin an kafa su ne a ginshiƙan fada, suna nuna fadawa da mayaƙa da 'yan kasuwar Fotugal, wato kundin tarihin sarauta ne da aka zuba da ƙarfe. Masu bincike na Jami'ar Goethe ta Farankfot, waɗanda suka fara tono a yankin Nok a 2005 tare da takwarorinsu na Najeriya, sun tarar da yawancin surorin a farfashe an binne su a ramuka, sau da yawa kusa da inda ake ganin kaburbura ne. Hausa tana da kalmar da ba ta yanke hukunci: mutum-mutumi. Abin dariya ma, wani kan Nok na yankin Jama'a da Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg ya gani a 1943, wanda daga gare shi aka gane cewa akwai wata tsohuwar al'umma a ƙarƙashin filayen kuza, wani ma'aikacin haƙar kuza ya riga ya kafa shi a gonar doyarsa yana korar ɓarna. Ya yi aikin mutum-mutumi sosai kafin ya shiga gilashi. Ku zaunar da jagororinku tare da malaman Hausa da na addini a daidaita kalmomin da za a riƙa amfani da su, a rubuta su a takarda guda, kowa ya bi.

Na biyu, iska. Wannan ne ke kashe kaya a ɓoye, kuma mu a Arewa namu ya fi na kowa tsanani. Da hunturu danshin iska a Kano yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, a watan Agusta kuma ya haye 80. Itace yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma bayansa ya fi cikinsa saurin bushewa. Shi ya sa ake ganin tsaga ta taso daga gindin sassaƙa ta miƙe har ƙirji. Hauren giwa haka, fatar ganga haka. Abin da itace da haure da fata suke so shi ne tsakanin 40 da 60, kuma rashin hawa da sauka farat ɗaya ya fi lambar kanta muhimmanci. Idan danshi ya zauna sama da 65 zuwa 70 na kwanaki, fumfuna ta samu gida.

Mun san amsar da za a ba mu: babu wuta, babu kuɗin na'urar sanyaya ɗaki. To na'urar da za ta yi awa uku tana aiki, wuta ta ɗauke ta yi awa tara a kashe, ta fi rashinta illa, domin kullum sai ta kai kayan sama ta dawo da su ƙasa. Kada a yi ƙoƙarin gyara iskar ɗaki duka. A gyara ta cikin akwati. A toshe bakin gilashi da roba ya rufu ruf, a sa silika jel a tire a ƙarƙashin abin da aka baje, irin ƙwayoyin nan da ake samu a ƙunshi cikin kwalin takalmi ko na magani, amma a sayo da kilo. Ma'aunin da masu wannan aiki suka saba bi shi ne kusan kilo 20 ga kowace mita guda ta faɗi da tsawo da zurfi, in ana so akwati ya riƙe daidaito daga damina zuwa hunturu. A sa ƙaramin agogon auna danshi a ciki, ma'aikaci ya rubuta lambar safe da yamma a littafi. Agogon ma yana ƙarya, don haka a gwada shi: a jiƙa gishirin girki a murfin kwalba ya yi kamar jiƙaƙƙen yashi, a rufe shi tare da agogon a roba mai murfi ya kwana. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 70, an san duk abin da ya faɗa sai a ƙara biyar.

Tagulla kuwa nata daban ne, kuma da yake ita ake ta dawowa da ita, a kula. Akwai koren da ba ya cutarwa, mai tauri, mai santsi, wanda shekaru suka shimfiɗa a jikin ƙarfe. Wannan kariya ce, kada a taɓa shi. Akwai kuma wani kore mai haske, kamar garin kuka da aka barbaɗa, yana tsirowa ɗigo-ɗigo, in an duba ƙarƙashin abin sai a ga ya zubo a kan kanta. Wannan ciwo ne. Gishirin da ƙarfen ya sha a ƙasa ne yake haɗuwa da danshi yana cin tagullar daga ciki, in an share ya dawo, har sai ya huda ta. Abin da ya kamu a raba shi da sauran, a sa shi a roba mai murfi da busasshiyar silika jel, a riƙe danshin ƙasa da 40, a kira mai gyara. Jel ɗin in ya ƙoshi da ruwa a gasa shi a tanda a kan digiri 120 na wasu awanni, ya koma sabo. Abin da muke roƙo da babbar murya shi ne a hana goge tagullar tarihi da man goge ƙarfe, ko da lemun tsami da toka kamar farantin amarya. Mai sharar da ya yi haka da kyakkyawar niyya ya yi, don manyan baƙi za su zo, amma a rabin awa ya kankare abin da ya yi ƙarni biyar yana taruwa, har da sawun kayan aikin maƙerin. Hannu tsirara ma yana barin gishiri da maiƙo, don haka a sa safar hannu ta roba.

Sai ƙwari. Gara kowa ya san hanyarta ta laka a bango, maganinta kuma shi ne kada itace ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango: a ɗaga kanta aƙalla santimita 15, a bar rata a bayanta da za a iya leƙawa da tocila. Wanda ake raina shi ne ƙwaro mai huda itace. Alamarsa ƙananan ramuka kamar na allura da ɗan tulin gari mai laushi a gindin sassaƙa. A shimfiɗa baƙar takarda a ƙarƙashi a dawo bayan mako biyu. In an ga sabon gari mai haske, yana nan da rai. Abin da aka saba yi shi ne a fesa fiya-fiya ko a shafa kalanzir ko baƙin mai. Wannan yana ɓata launi, yana narkar da danƙo, yana cutar da ma'aikacin da ke wuni a ɗakin, ƙwai da tsutsar da ke can ciki kuma ko a jikinsu. Hanyar da ta dace: a naɗe abin a leda mai kauri, a fitar da iska, a liƙe, a sa a firiza mai kai digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda cur, da janareta a gefe, domin in sanyin ya yanke aikin ya ɓaci. A fito da shi a bar shi cikin ledarsa kwana guda ya huce, don raɓa ta sauka a kan ledar ba a kan itacen ba. Ganga mai ɗaurarriyar fata, da haure, da abin da aka haɗa itace da ƙarfe, ba a sa su a firiza. Su sai jakar da ake zuƙe iskar shaƙa daga cikinta, a bar su mako uku.

Kan kayan yumɓu za mu taƙaita, don laifin guda ne: gyaran gaggawa. An sha ganin wuyan mutum-mutumi an ɗinke shi da siminti ko da gam mai kamawa nan take. Siminti ya fi gasasshen yumɓu ƙarfi, yana kuma ɗauke da gishiri, saboda haka in abin ya sake motsi ba a tsohon wurin zai karye ba, sabon wuri zai ɓalle. Ƙa'idar gyara ita ce kada ka sa abin da na bayanka ba zai iya cirewa ba. Gam ɗin Paraloid B-72 da aka narkar a ruwan sinadarin asiton shi ake amfani da shi ko'ina, don asiton ɗin na iya sake kwance shi. In babu mai gyara, a tattara gutsattsarin a naɗe kowanne daban, a rubuta lambarsu, a jira. Kuma ba a ɗaga mutum-mutumi ta kai ko ta hannu. Hannu ɗaya a gindi, ɗaya a tallabe jiki, a san inda za a ajiye kafin a ɗauka. Ba a wanke shi da ruwa. Burushi mai laushi ya wadatar.

Haske bai dami dutse da yumɓu da ƙarfe sosai ba, a haska su da kyau, daga gefe, don sassaƙar ta fito. Rigunan saƙi da na rini da fatu masu launi da takardun ajami su ne ba sa son ya wuce luks 50 a ma'aunin ƙarfin haske, kuma koɗewar da rana ta yi ba ta dawowa. Labule a taga da ƙwan LED sun raba gardama.

Wasu gidajen namu su kansu kayan tarihi ne. Gidan Makama a Kano ginin ƙasa ne da ake danganta asalinsa da zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, a Jos kuma akwai filin da aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya, har da masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Ginin ƙasa yaɓe yake ci kowace shekara. A share indararo kafin ruwan farko, a cike gindin bango inda feshin ruwa ke ci, a yi yaɓe da makuba. Shafa masa siminti yana kulle danshi a ciki, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, wata rana fatar simintin ta zubo gaba ɗaya da rabin bango. A sa kuɗin yaɓe a kasafin kowace shekara, a ba magina na gado aikin, ba ɗan kwangilar bulo ba.

Yanzu maganar da ta fi nauyi, wato ƙidaya. A 1987 ɓarayi sun shiga gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe tun 1952, suka kwashe kayayyaki masu daraja, ciki har da kan tagulla na Ife. Abin da aka sace ba ya dawowa sai an iya tabbatar wa kotun wata ƙasa cewa shi ne, kuma hujjar ita ce hoto da rajista. Akwai tsarin da 'yan sandan duniya da gidajen tarihi suka amince da shi tun 1997, mai suna Object ID, kuma ba ya buƙatar komai sai waya mai kyamara da tef ɗin awo da fom: irin abin, da me aka yi shi kuma ta yaya, awonsa, rubutu ko alamar da ke jikinsa, tabo ko karaya da ta bambanta shi, sunansa in yana da shi, abin da yake nunawa, zamaninsa, da wanda ya yi shi. Hoto gaba da baya da gefe biyu da ƙasa, da ma'auni a kusa. Tabon nan shi ne ya fi komai amfani, domin kawuna biyu na iya kama, amma ba za su karye a wuri ɗaya ba. Mutum biyu suna iya gama abu 20 a rana ba tare da gaggawa ba. A ajiye kwafi uku a wurare uku, ɗaya a wajen ginin. A kuma bar masu ziyara su ɗauki hoto ba tare da walƙiya ba. Kowane hoto a wayar ɗalibi shaida ce cewa abin yana nan a ranar.

Ɓarna mafi girma ma ba a cikin gida take faruwa ba, a gona take. Tun shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan yumɓu na Nok da Sakkwato da Katsina a jerin waɗanda aka fi wawushewa, tare da na Bura a Nijar, da na Koma a arewacin Gana, da na Sao a kewayen tafkin Chadi. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta tarayya ta hana tono da fitar da irin waɗannan kaya ba da izini ba, amma manomin da garmarsa ta ci karo da kai bai taɓa jin dokar ba, dillali kuwa ya san ƙofar gidansa. Abin da ke salwanta ba kan kaɗai ba ne. Gawayin da ke gefensa da shi ake auna shekaru, ƙwayar geron da ta ƙone ita ke faɗin abin da mutanen suka ci, kuma da zarar an fizge kan an watsar da ƙasar, shi ke nan. Muna roƙon ku bi ta hannun hakimai da dagatai da rediyo da saƙo gajere: in ka gani kada ka tone, kada ka wanke, ka ɗauki hoto, ka mayar da ƙasa ka rufe, ka kira wannan lamba. Lambar kuma a samu mai ɗauka, a zo cikin mako, a rubuta sunan ƙauyen a takardar bayani in an baje abin.

Game da ziyarar makarantu, ayarin yara 80 a bayan jagora ɗaya yawo ne kawai. A raba su 15 zuwa 20, a zaɓi abu biyar ko shida, a gama cikin awa guda. A sa masu tukwane su yi kwaikwayon kan Nok da yara za su taɓa, musamman makafi, a ajiye curin yumɓu a tsakar gida kowa ya gwada nannaɗa shi. A kafa allo a bakin ƙofa da kuɗin shiga da lokutan buɗewa, a buɗe Asabar da Lahadi da ranakun hutun Sallah, lokacin da iyali ke neman inda za su.

Ga abin da muke nema a jere da lokacinsa. Kafin damina mai zuwa, yaɓe da indararo, da ɗaga duk wani itace daga ƙasa, da umarni a rubuce da ya hana man goge ƙarfe da fiya-fiya da siminti kusantar kayan tarihi. Cikin wata shida, agogon danshi da littafinsa a kowane ɗaki, da takardun bayani na Hausa aƙalla ga abubuwa 30 da aka fi tsayawa a gabansu a kowane gida. Fassarar mu za mu yi ta kyauta in kun turo mana rubutun. Cikin shekara guda, a kammala rajistar abin da ke baje, a shiga ta ɗakin ajiya, a kuma sanar da jama'a adadin.

Roƙo na ƙarshe na hukumar tarayya ne. Surori uku na Nok da Sakkwato da Faransa ta saya, aka baje biyu daga cikinsu a gidan tarihin Louvre na Paris a 2000, an daidaita a 2002 cewa mallakar Najeriya ne, an bar wa Faransa aro na shekara 25 da za a iya sabuntawa. Wa'adin 2027 ne. Muna so a gaya wa jama'a matsayar da aka ɗauka a kansu, in kuma gida za su dawo, a faɗi ɗakin da za su shiga, a sa agogon danshi a cikinsa tun yanzu, domin a samu lissafin shekara guda cikakkiya, damina da hunturu, kafin akwatinsu ya sauka.

Allah ya taimake ku, ya ba ku ikon riƙe amana. Wassalam.

Daga wasu malaman tarihi da zane-zane da masu gyaran kayan tarihi a Arewacin Najeriya.